An sallamo shi daga asibiti, amma shi bai sallami kansa ba

Ranar da muka dawo da ƙanena gida daga asibiti, Mma ta tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, maƙwabta suka cika tsakar gida, wannan ya ce sannu da jiki, wancan ya ce Allah ya sa kaffara ne. Dukkanmu mun ɗauka magana ta ƙare. Likita ya ce hankalinsa ya dawo, ya rubuta magani, ya sa ranar da za a koma. To me ya rage kuma?

Ashe da sauran aiki, kuma wanda ya ragen ya fi wanda aka yi tsawo.

Tela ne, yana da ɗan shago a Aboabo. Da izininsa nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba. Ciwon ya kama shi ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinki ke yi wa teloli yawa. Ya yi kwanaki bai runtsa ba. Sai ya fara cewa ana kiran sunansa ta cikin rediyo, ana ƙulla masa sharri. Wata safiya ya ɗauki almakashi ya yayyanka shaddar Sallah ta mutum bakwai, ya fito titi ba takalmi yana ihu. Yara suka bi shi, wani ya ɗauke shi a waya, kafin azahar bidiyon ya zaga WhatsApp ɗin unguwa. Mun fara da ruƙiyya da rubutun sha kamar yadda aka saba, da abin ya ƙi muka kai shi asibiti, ya yi mako shida.

Bayan dawowarsa sai da ya yi wata huɗu bai taka ƙofar gida ba. Sallah a ɗaki, abinci a ɗaki, keken ɗinkin da muka kwaso daga shago yana lulluɓe da tsohon zanen Mma. Wata rana na shiga na ce ya zo mu je Juma'a. Ya ce, "Yaya, duk wanda ya kalle ni bidiyon nan yake gani. Ni ma in na duba madubi shi nake gani. Na kunyata Baba a kabarinsa."

Me na yi? Faɗa na yi masa. Ni malamin makaranta ne, hannuna ya saba da jan biro. Na ce ya tashi ya zama namiji, na lissafa masa kuɗin da aka kashe, na tuna masa cewa Mma ba yarinya ba ce. A zatona zaburar da shi nake yi. Ban sani ba, ashe abin da yake faɗa wa kansa dare da rana ne nake maimaita masa da babbar murya. A wata na biyar ya daina shan magani a ɓoye. Daga baya ya gaya mini dalili: wai duk ƙwayar da ya ɗauka zai haɗiye, sai ya ji kamar tana ce masa, kai mahaukaci ne. Ciwon ya dawo, muka sake komawa asibiti.

Muryar da magani ba ya kashewa

A kan takarda dai Ghana ta yi ƙoƙari. A 2012 majalisa ta zartar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka fi sani da doka ta 846, aka kafa hukuma ta musamman da za ta kula da wannan fanni. A shekarar ne ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure marasa lafiya da sarƙa a sansanonin addu'a, a 2017 kuma hukumar ta bayyana cewa ɗaurin ya haramta. A watan Maris na 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, wato wanda ƙunci ya kai shi nan likita za a nema masa yanzu, ba ɗan sanda ba.

Manyan asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali uku ne: na Akra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da na Pantang a 1975. Dukkansu suna can kudu. Mu a Kumasi abin da muke da shi a kusa shi ne sashen masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, da na asibitin Tafo, sai ma'aikatan jinya da aka horar musamman suna aiki a ƙananan asibitoci da cikin unguwanni. Akwai kuma gidan Cheshire a Edwenase, inda ake karɓar waɗanda suka samu sauƙi a koya musu sana'a kafin su koma cikin danginsu.

Sai dai mafi yawan mutanenmu ɗakin uwarsu suke komawa kai tsaye, a gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya, inda kowa ya ga abin da ya faru. A Zango ai babu sirri. Yara su kira ka mahaukaci da Hausa, su kira ka abodam da Twi. Auren da aka sa wa rana a fasa shi. Mai kawo maka ɗinki ya kai wa na gaba da kai. Wannan tsangwama ita kaɗai ta isa nauyi, amma mafi muninta shi ne ranar da mai ciwon ya haɗiye ta, ya koma shi ke zagin kansa ko babu kowa a wurin.

Maganin asibiti ya kashe muryoyin da ƙanena ke ji a rediyo, mun gode wa Allah. Wadda ta rage muryarsa ce ta kansa, kuma babu ƙwaya ko allurar da ke rufe mata baki. Ita ce ta hana shi fita, ita ce ta raba shi da maganinsa.

Tambayar da nas ta yi

Bayan sallama ta biyu aka mayar da shi kan allurar wata-wata. Wata nas 'yar Asante, mai 'yar Hausar kasuwa, ita ke zuwa gidanmu ta yi masa. A zuwanta na biyu, da ta gama allurar ba ta tashi ba. Ta ce masa, "Wane ne babban abokinka?" Ya faɗi sunan wani da suka yi koyon ɗinki tare. Ta ce, "To da shi ne ya yi wannan ciwo, ya zo ya zauna a nan inda kake zaune, me za ka ce masa?"

Ya daɗe shiru. Can ya ce, "Zan ce masa ba shi ya sa wa kansa ba. Zan ce masa ya ci abinci."

Ta ce, "To kai me kake ce wa kanka?"

Bai amsa ba, ya sunkuyar da kai. Mma da ke tsaye a bakin ƙofa ta sa gefen mayafi ta share ido. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, don na san abin da ni nake ce masa.

A ranar ta koya masa wani ɗan aiki na minti uku: ya zauna, ya ji tafin ƙafarsa a ƙasa, ya bi numfashinsa, in tunanin bidiyon ya zo ya lura da zuwansa, sannan ya yi wa kansa maganar da zai yi wa abokin nan. Ta ce a yi kullum, kamar shan magani. Na raina abin a zuciyata. Amma halin malami, sai na shiga karatu in ga ko yana da tushe.

Mene ne wannan horo?

Abu biyu ne aka haɗa. Na farko shi ne halarto da hankali, wato mutum ya koyi ajiye hankalinsa a kan abin da ke faruwa yanzu, a jikinsa da zuciyarsa, ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. Ba hana tunani ake nufi ba, wannan babu mai iyawa. Ka ɗauka kana zaune a tashar Aboabo, trotro na shigowa suna fita, kowane yaron mota na kiran inda za shi. Kana jin kiran, kana ganin motar, amma ba dole ne ka shiga ba. Mai ciwon zargin kai shi ne wanda duk motar da ta kira "kai ba kowa ba ne" sai ya yi tsalle ya shiga, ta yi ta yawo da shi har dare.

Wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da wannan horo asibiti a 1979, a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, a matsayin darasin mako takwas ga masu ciwon da ya ƙi jin magani. Daga baya wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka gyara shi don masu matsananciyar damuwa da ke tafiya tana dawowa. A binciken da suka fitar a shekarar 2000 a kan mutum 145, an ga cewa a cikin waɗanda ciwon ya taɓa kayar da su sau uku ko fiye, horon ya rage dawowarsa da kusan rabi.

Na biyu shi ne tausaya wa kai. Kristin Neff ta Jami'ar Texas da ke Austin ta fayyace shi a 2003, ta ce yana tsaye ne a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Mutum ya yi wa kansa magana mai taushi a lokacin da ya faɗi. Ya tuna cewa faɗuwa da ciwo rabon kowane ɗan Adam ne, ba shi kaɗai aka ware ba. Sannan ya dubi zafin da yake ji yadda yake, kada ya musanta shi, kada kuma ya nutse a ciki. Ita da Christopher Germer suka mayar da wannan darasin mako takwas shi ma.

A Ingila kuma, Paul Gilbert na Jami'ar Derby ya lura da wani abu a wurin marasa lafiyarsa masu yawan kunya da zargin kai. Suna iya faɗin magana mai ma'ana, irin su "ba laifina ba ne", amma da muryar tsawa suke faɗa wa kansu, don haka ba ta sanyaya musu rai. Ya bayyana cewa jikin mutum na aiki da tsari uku: na fargaba mai sa gudu ko faɗa, na himma mai sa nema, da na natsuwa mai sa a huta. Zagin kai tsarin fargaba yake kunnawa, tamkar wani ne ya tare ka da sanda a lungu, sai dai wannan mai sandar ba ya tafiya gida. Aikin horon shi ne a farfaɗo da tsarin natsuwa ta hanyar numfashi a hankali da sauya sautin da mutum ke yi wa kansa magana da shi.

To masu irin ciwon ƙanena fa, na jin muryoyi da gushewar hankali? An gwada. A Sikotland, Christine Braehler da abokan aikinta sun fitar da sakamako a 2013 a kan mutum 40 da ke farfaɗowa daga irin wannan ciwo. An yi wa wasunsu zama 16 na horon tausayi a ƙungiya. Babu wanda horon ya cutar, kuma waɗanda tausayinsu ya ƙaru an ga damuwarsu ta ragu, haka jin cewa an ware su daga jama'a. Paul Chadwick a Ingila shi kuma ya gajarta zaman halarto da hankali zuwa minti goma ga masu jin muryoyi, mai koyarwa yana magana a kai a kai don kada shiru ya yi tsawo. A gwajin da suka fitar a 2016 a kan mutum 108, damuwar waɗanda suka yi horon ta ragu. Manufar ba a kori muryoyin ba ce, a rage ikonsu a kan mutum ne.

Gaskiya ɗaya ce: waɗannan gwaje-gwaje na masu gushewar hankali ƙanana ne, a Turai aka yi su, kuma a dukkansu horon ƙari ne a kan jinyar asibiti. Duk wanda ya ce maka numfashi zai maye gurbin allura, guje shi.

Jin ƙai da jin kai

A rubuce ƙugiya ɗaya ce ta raba jin ƙai da jin kai. Mu kuwa a Hausar Zango da yawanmu ba ma furta ƙugiyar, sai kalmomin biyu su yi kama a kunne. Ina ganin haka suke kama a tunaninmu ma. Da na yi wa kawunmu bayanin horon sai ya ce, "Wato shagwaɓa shi za a yi? Mutum ya lalata kayan mutane, a ce kuma ya ji tausayin kansa?"

Tambayar tana da nauyi, ni ma na yi ta. Amsar farko daga fannina ta fito. A 2012 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Juliana Breines da Serena Chen, sun ba ɗalibai jarrabawar kalmomi mai wuyar gaske, aka faɗi. Wasu aka gaya musu cewa jarrabawar na ba kowa wuya, kada su tsananta wa kansu. Waɗannan su ne suka fi daɗewa suna karatu don jarrabawa ta biyu. Da na karanta sai na tuna ajina. Yaron da na ce wa daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa ba ya ƙara ƙoƙari, ɓoye littafinsa yake yi. Wanda ya san in ya yi kuskure ba za a ci mutuncinsa ba, shi ne ke ɗaga hannu ya gwada.

Amsa ta biyu ƙanena ne ya ba da ita. Duk watannin da yake zagin kansa bai iya zuwa wurin ko mutum ɗaya cikin bakwai ɗin nan ba, don ko sunansu aka ambata jikinsa rawa yake yi. Sai bayan ya fara sassauta wa kansa ne ya ce in raka shi. Muka bi su gida-gida. Biyu suka yafe nan take, huɗu aka yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, ɗaya ya rufe mana ƙofa. Mai jin kai cewa yake yi ban yi laifi ba. Mai jin ƙan kansa cewa yake yi abin ya faru, da ciwo, bari in ga abin da zan iya gyarawa.

Ba ibadar wasu ba ce?

Wannan ita ce tambayar Mma, kuma bai kamata a yi mata kwana-kwana ba. Kabat-Zinn a wurin malaman addinin Buddha ya koyi zaman lura da numfashi, Neff ma haka. Abin da suka kai asibiti sun cire masa bauta da aƙida, suka bar motsa hankali zalla. Duk da haka Musulmi na da haƙƙin ya tambaya, don haka muka je wurin limamin masallacinmu, ni da ƙanena, bayan sallar isha'i.

Malam ya saurara har muka gama. Ya tambaya ko akwai sunan wani abin bauta da ake kira, ko wata alƙibla da ake fuskanta. Muka ce babu. Ya ce to zama a natsu a lura da numfashin da Allah ya ba ka ba shi da aibi, kuma halarto da zuciya ai shi ake nema a kowace sallah, malaman tarbiyya sun daɗe suna karantar da muraƙaba da tafakkuri.

Sai ƙanena ya fito da abin da ya daɗe yana cinsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, sallolin da suka wuce ni ina cikin ciwo fa? Da abin da na faɗa a titi?" Malam ya ce masa a mazhabarmu ta Malikiyya sallar da lokacinta ya fita mutum yana cikin gushewar hankali babu ramuwa a kansa, kuma ba a rubuta masa zunubin abin da ya yi ko ya faɗa a wannan hali. Dukiyar mutane da ta lalace dai ana biya. Sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya halicce ka bai kama ka da laifi ba. Kai wane ne da za ka kafa wa kanka kotu?"

A hanyar dawowa ne na ji ƙanena ya yi dariya, karo na farko cikin kusan shekara.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a tarihinmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, marigayi Malik Badri, ya fassara ɓangaren rai na littafin zuwa Turanci a 2013.

Haɗa malami da ma'aikacin asibiti kuwa a nan garin aka gwada shi. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2020, ya bi mutum 307 masu gushewar hankali da ke jinya a hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a. Inda aka sa ma'aikatan asibiti suna zuwa suna aiki tare da su, marasa lafiyar sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Abin da ya faru a gidanmu ƙaramin misalin haka ne: nas ta kawo dabara, liman ya cire shakka.

Yadda yake yi, da inda za a kiyaye

Bayan sallar asuba, kafin masu koko su fito gari ya cika da hayaniya, yana zama a kan dardumarsa minti biyar zuwa goma. Ba ya rufe ido, ƙasa yake kallo. Ya ji nauyin jikinsa, ya bi shigar numfashi da fitarsa. In hankali ya gudu ya dawo da shi ba faɗa, ko sau hamsin ne. In tunani mai zafi ya zo sai ya kira shi da sunansa, ya ce "ga tunanin bidiyon nan ya zo", maimakon "ni abin kunya ne". Daga nan ya ɗora hannu a ƙirji ya faɗa wa kansa abu uku da kalmominsa: wannan da ciwo, ba ni kaɗai ba ne, a Kumasin nan akwai masu ɗauke da irinsa, Allah ka sassauta mini, ni ma bari in sassauta wa kaina.

Ga abin da za a kiyaye. Ba a yin wannan horo a lokacin da ciwo ke kan ganiyarsa, mutum bai san inda yake ba. A lokacin asibiti ne mafita. Ba a yin dogon zama cikin shiru da kaɗaici, don yana iya tayar da muryoyi ko tsohon tsoro. In ana cikin yi aka ji abin na ƙaruwa, a tsaya, a tashi a taka, a gaya wa nas ko likita. Wasu in sun fara yi wa kansu magana mai taushi kuka ne ke zuwa musu, kamar ƙafar da ta mutu saboda dogon zama a tabarma, lokacin da jini ya fara komawa cikinta ne take fin zugi. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, amma dalili ne na a yi abin tare da wanda ya sani. Kada a rage magani ko a daina shi ba da sanin likita ba, har da lokacin azumi. Wanda kuma ya fara maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da ya rage mana

Horon da ake yi a ƙungiya ya fi na mutum shi kaɗai wani abu guda: mai ciwo na ganin wasu irinsa da idonsa, sai maganar "ba ni kaɗai ba ne" ta zama gaskiyar da ya taɓa. Ƙungiyar BasicNeeds, wadda ke aiki a Ghana tun 2002, ta daɗe tana haɗa masu wannan ciwo da masu jinyarsu cikin ƙungiyoyin taimakon juna, musamman a arewacin ƙasar. Mu a Zango ba mu rasa wurin zama ba. Azuzuwan makarantunmu a Asawase da Sabon Zango da Aboabo babu kowa a cikinsu bayan la'asar. Abin da ake bukata shi ne ma'aikacin jinya da ya san aikin, da liman ko malama da za su zauna a gefe don iyaye su saki jiki, da mutum shida ko takwas da aka yi musu alƙawarin abin da aka faɗa a ɗakin zai tsaya a ɗakin.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya bukatar ko sidi ɗaya. In bidiyon wani mai ciwo ya shigo wayarka, goge shi, kada ka tura. Samarin da ke zaman ataya, in ya zo wucewa ku matsa masa a benci ku miƙa masa kofi. In yana da sana'a, kai masa aiki ko ƙarami ne, ka biya shi kamar kowa. Mu kuma 'yan gida mu saurari bakinmu. Muryar da mutum ke yi wa kansa magana da ita, a bakin na kusa da shi yake koyonta. Ni na koya wa ƙanena mai tsawa, kuma sai da na nemi gafararsa.

Yau kusan shekara biyu ke nan bai koma gadon asibiti ba. Ba zan ce horon ne kaɗai ba. Akwai allurar da ba ya fashi, akwai barcin da ya daina wasa da shi ko a goman ƙarshe, akwai addu'ar Mma. Yana buɗe shago daga safe zuwa azahar, yawanci kayan 'yan makaranta yake ɗinkawa. Hannunsa na ɗan rawa wani lokaci, likita na duba wannan. Yarinyar da ya so aura ta yi aure. Akwai ranakun da har yanzu ba ya iya fita, akwai kuma yaran da ba su daina kiran sunan nan ba.

Makon jiya na biya ta shagon bayan an tashi makaranta, na same shi ya ɗinka wuyan wata riga a juye. Na ji ya fara, "Kai banza, ko wannan ma..." Sai ya tsaya. Ya sauke ƙafa daga kan keke, ya ja numfashi, ya ce a hankali, "To, ya faru." Ya ɗauki reza ya fara farke ɗinkin. Na ja kujera na zauna na riƙe masa gefen rigar.